Gwanintar Saba wa Kifi da Baƙon Ruwa: Daga Jarkar Tarwaɗa zuwa Tankin Murjani

"Ruwan ne bai karɓe su ba." Da wannan magana mafi yawan sababbin masu kiwon kifi a Gombe kan bayyana asararsu, idan sun zuba 'ya'yan tarwaɗa da yamma suka wayi gari rabinsu sun taso ciki a sama. Maganar gaskiya ce, sai dai ta tsaya a rabin hanya. Ruwa ba ya ƙin kifi haka kawai. Akwai abin da ya bambanta ruwan da kifin ya taso a ciki da wanda aka juye shi, akwai kuma mutanen da suka laƙanci wannan bambanci har suna iya ƙetarar da dubban 'ya'yan kifi daga wancan zuwa wannan ba tare da an tsince gawa ba. Gwanintar ba ta da suna a kasuwa, ba a biyan kuɗinta dabam, amma ita ke tantance wanda zai kwashi kifi bayan wata huɗu ko biyar da wanda zai kife tanki ya nemi wata sana'a. Ƙarshen inda ta kai a duniya shi ne a ɗauki wani ɗan kifin ruwan daɗi mai suna moli, a saba masa da ruwan teku cikakke, ya zauna tsakanin murjani yana ci yana haihuwa. Mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a Tumfure da mai tankin murjani a Jamus ilimi ɗaya suke aiki da shi, ko da ba su san juna ba.

A Gombe ruwa ba iri ɗaya ba ne, kowane magidanci ya san haka tun kafin ya yi tunanin kifi. Akwai na famfo, wanda ake tacewa a turo daga madatsar Daɗin Kowa da ke kan kogin Gongola, kimanin kilomita 40 gabas da gari, an kuma zuba masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Akwai na rijiyar burtsatse, wanda ke fitowa garau amma da ƙarancin iskar numfashi, wani lokaci da tsatsar ƙarfe da sai ya kwana a bokiti take bayyana. Akwai na rijiyar gida, ga na tanka da na 'yan garuwa wanda sau da yawa mai saye bai san inda aka ɗebo ba. Ƙasar jihar ma kanta launi-launi ce. Yamma da gari yashi ne mai zurfi da sai an haƙa da nisa a taɓo ruwa, arewa wajen Ashaka kuwa dutsen farar ƙasa ne da ake yin siminti da shi. Shi ya sa wata rijiyar za ka sha ka ji daɗi, wata ka ji zartsi, sabulu ma da kyar yake kumfa a ciki. Mutum zai sha kowanne ya gode wa Allah. Kifi kuwa ba ya da wannan sauƙin, domin tsakanin jininsa da ruwan da yake iyo a ciki babu komai sai wata fata siririya ƙwarai a mashaƙinsa, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa.

Don haka tambayar farko da gogaggen mai sayar da 'ya'yan kifi ke yi wa mai saye ba ta kuɗi ba ce. Zai ce, "Alhaji, ruwanka na famfo ne ko na bohol? Yaushe ka cika tankin?" In na famfo ne, zai ce a bar shi ya kwana ya yini a buɗe kulorin ya fice. In na burtsatse ne, a bar shi ya riƙa zuba daga sama yana fantsama ya sha iska. In tankin siminti ne sabo, ba ma a maganar kawo kifi sai an jiƙa shi na kwanaki, a zubar, a sake cikawa, har kaifin simintin ya mutu. Shi kuma mai sayarwar a nasa ɓangaren zai hana kifin abinci kwana ɗaya kafin tafiya, saboda cikin da ya cika shi ke ɓata ruwan jarka a hanya. Da asuba ake lodi, kafin rana ta yi ƙarfi. Jarka mai lita 25 aka fi amfani da ita, an yanke samanta don iska ta shiga, wasu kuma kan ɗiga ɗan manja don kada kumfa ya rufe fuskar ruwan. Tarwaɗa na jure wannan tafiya saboda tana da wata gaɓa a bayan mashaƙinta da take shaƙar iskar sarari da ita. Karfasa ba ta da irin wannan, sai an ɗaure ta a leda an hura mata oksijin.

Isowa gida shi ne wurin da gwani ke bayyana. Wanda bai sani ba yana ɗokin ya ga kifinsa na iyo, sai ya kife jarkar a tanki nan take. Gwani zai sa hannu a jarka, ya sa a tanki, ya ji wanne ya fi ɗumi. Jarkar da ta sha zafin mota a watan Afrilu da tankin da ya kwana a inuwa za su iya bambanta da digiri huɗu ko biyar, kuma ƙananan kifi ba sa ɗaukar tsallen da ya wuce digiri biyu ko uku. Sai ya tsoma jarkar cikin tankin ya bar ta minti ashirin ko talatin. Bayan haka ya ɗebi ruwan tanki da kofi ya zuba a jarkar, ya jira, ya ƙara, ya jira, har ruwan ciki ya zama rabi nasu rabi na gida. Sannan ya karkata bakin jarkar ya bar su su fita da kansu. Ba zai ba su abinci ranar ba. Zai tsaya yana kallo: sun bazu sun nutse, ko sun taru a kusurwa? Suna tsaye a miƙe kai sama wutsiya ƙasa? Wannan tsayuwar ita ce kukan tarwaɗa, kuma wanda ya san ta ba ya jira sai gobe.

Akwai wata dabara da ke nuna zurfin sanin, domin ta saɓa wa abin da aka faɗa yanzu. Kifin da ya yi doguwar tafiya a leda ɗaurarriya, misali daga Ibadan ko Legas, ba a ja masa lokaci a cikin ruwan ledar bayan an kwance ta. Iskar da yake fitarwa a hanya tana sa ruwan ya ɗan yi tsami, tsamin kuma yana danne dafin amoniya da kifin ya tara. Da an buɗe leda iskar ta fice, dafin sai ya farka. Don haka irin wannan ana daidaita masa ɗumi ne leda na ɗaure, a buɗe a yi sauri. Sanin inda za a yi jinkiri da inda za a yi hanzari shi ne abin da ba a samu a takardar da ke manne jikin buhun abinci.

Sai maganar gishiri, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ta ga yadda ruwa ke tsattsafowa: ruwa yana bin gishiri, daga inda yake kaɗan zuwa inda yake da yawa. Jinin kifi na ɗauke da gishiri kimanin giram 9 a kowace lita. Ruwan Gongola bai kai ko giram ɗaya ba. Saboda haka ruwa na kutsawa jikin tarwaɗa dare da rana ta mashaƙinta, gishirin jininta kuma na zurarewa waje. Maganinta shi ne ba ta shan ruwa sai kaɗan, tana fitsari mai yawa wanda kusan ruwa ne zalla, sannan wasu ƙwayoyin halitta a mashaƙinta na tsamo ɗan gishirin da ke cikin kogi suna mayar mata jini. Ruwan teku kuwa yana da giram 35 a lita, kusan ninki huɗu na jini. Kifin teku yana cikin ruwa amma ƙishirwa ce barazanarsa, domin tekun na tsotse ruwan jikinsa. Shi sai ya riƙa shan ruwan gishirin, hanjinsa ya tsotsi ruwan, mashaƙinsa ya tofar da gishirin, ƙodarsa ta matse fitsari ya zama ɗan kaɗan. Aiki biyu ne masu kishiyantar juna, kuma mafi yawan kifayen duniya ɗaya kawai suka iya.

An daɗe kafin a gano haka. A 1930 wani Ba'amurke masanin ƙoda, Homer Smith, ya nuna cewa kifin teku yana shan ruwa. A 1932 Ancel Keys da E. N. Willmer suka bayyana ƙwayoyin da ke mashaƙi waɗanda suka yi zaton su ke fitar da gishirin. August Krogh na ƙasar Denmak ya nuna a 1937 cewa kifin ruwan daɗi na iya jawo gishiri daga ruwan da kusan babu gishiri a cikinsa. Tabbacin ƙarshe kan waɗancan ƙwayoyi bai zo ba sai 1982, a aikin Foskett da Scheffey, kuma da karfasa suka yi shi, irin ta Mozambik. Abin daɗi ne a ce kifin da muke soyawa a bakin tasha danginsa ne suka warware wa masana wannan tambaya.

Da wannan za a gane dalilin da mai kiwo ke jefa gishiri a jarka. Kifin da aka kama da raga, aka ƙirga, aka girgiza a mota, yauƙin jikinsa ya goge, mashaƙinsa ya buɗe sosai saboda firgita, gishirin jininsa na fita fiye da kima. In aka sa giram biyu ko uku a kowace lita, tazarar da ke tsakanin jini da ruwa ta ragu, kifin ya sami sararin murmurewa. Gishirin na kuma tare wani dafi mai suna naitirait, wanda ke taruwa a tankin da aka cika wa abinci ya mayar da jinin kifi ruwan ƙasa-ƙasa ya kasa ɗaukar iska. Yana kashe wasu ƙananan ƙwari da ke maƙalewa a fata. Amma gwani ya san iyaka. Tarwaɗa kifin ruwan daɗi ce tsantsa, 'ya'yanta ba sa daɗewa in gishiri ya kai giram 10 a lita. Wanda ya ji an ce gishiri magani ne ya ɗebo da kwano ya watsa, kashe su zai yi da hannunsa.

A ɗakin ƙyanƙyasa abin ya fi ban sha'awa. Bayan an yi wa macen tarwaɗa allurar da ke nunar da ƙwai, irin su Ovaprim, aka matse ƙwan a roba busasshiya, sai a fito da maniyyin namiji a tsarma shi da ruwan gishiri mai giram 9 a lita, irin wanda ake ƙara wa majiyyaci a asibiti. A cikin wannan ruwa maniyyin kwance yake ba ya motsi, domin daidai yake da ruwan jikin da ya fito. Sai an gauraya shi da ƙwai an zuba ruwan daɗi yake zabura, kuma ƙarfinsa ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Mai ƙyanƙyasa yana riƙe da rai yana sakin sa a daidai lokacin da ya so, da gishiri kawai. Cikin kwana ɗaya ƙwan ya fashe in ruwan na da ɗumi. Bayan kwana uku, idan 'ya'yan sun shanye gwaiduwar cikinsu, abincin farko da aka fi yabo shi ne atemiya, wani ɗan mitsitsin jatan lande da ake kwaso ƙwansa daga tafkunan gishiri irin Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a Amurka. Wasu na ba da ɓararren ƙwan kai tsaye. Wanda ke son mai rai kuwa sai ya haɗa ruwa mai giram 25 zuwa 30 a gora, ya sa masa iska da haske, ya jira kwana ɗaya, ya tace, ya ɗauraye da ruwan daɗi kafin ya ba jarirai. Gombe ta fi kilomita 600 nesa da gaɓar teku mafi kusa, amma ga mutum yana haɗa ruwan da ya kusa na teku a gorar roba don ciyar da kifin kogi.

Daga nan zuwa moli taki ɗaya ne. Moli ƙaramin kifi ne, yawanci bai wuce tsawon yatsa ba, asalinsa daga kudancin Amurka da Meziko zuwa ƙasashen da ke ƙasa da su. Yana cikin kifayen ado mafi araha, akwai baƙi wuluk, akwai fari, akwai ruwan zinare, akwai mai doguwar tutar baya. Ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi, kusan duk wata. A gidajen sayar da kifin ado a ruwan daɗi ake ajiye shi, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka nan ne iyakarsa. A ƙasarsa ta asali kuwa ana samun sa a rafi, a fadamun bakin teku inda kogi ke haɗuwa da gishiri, har a kududdufan da rana ta ƙafe gishirinsu ya ninka na teku. Yana cikin 'yan tsirarun da suka iya aikin nan guda biyu. Mashaƙinsa na iya juyawa daga jawo gishiri zuwa tofar da shi, hanjinsa da ƙodarsa su bi sahu. Sai dai juyin ba na ƙiftawar ido ba ne. Wasu ƙwayoyin sai sun girma, wasu sai an ƙera sababbi, kuma wannan na cin awoyi da kwanaki. Duk gwanintar mai tanki ita ce ya ba jikin kifin wannan lokaci.

Masu tankin murjani na son moli saboda dalilai masu ƙarfi. Murjani dabba ce mai rai, tana zaune da wasu ƙananan tsirrai a cikin namanta waɗanda ke buƙatar haske, kuma babban abokin gabarta a tanki shi ne gansakuka, wadda ke lulluɓe ta ta toshe mata hasken. Moli kuwa yini yake yana kiwon gansakuka a jikin duwatsu da gilashi, bai cika taɓa murjanin ba. Kifayen teku masu irin wannan aiki suna da tsada, wasu kuma sun fi ƙarfin ƙaramin tanki. Na biyu, molin da ya taso a ruwan daɗi ba ya ɗauke da cututtukan teku. Cutar farin ɗigo ta ruwan daɗi dabam, ta teku dabam, kuma kowace ba ta rayuwa a ruwan ɗayar, don haka tafiyar da kanta wanka ce. Na uku, 'ya'yansa abinci ne mai rai ga wasu kifayen. Wasu na kuma amfani da baƙin moli don gwada ko akwai cuta ɓoye a tanki, tunda bai taɓa haɗuwa da ita ba, farin ɗigo kuma ba ya ɓuya a baƙar fata. Wannan na ƙarshen ban ga laifinsa ba in mai yi ya tanadi wurin jinya da magani. In kuwa don arhar kifin ne aka mayar da ransa ba a bakin komai ba, to an bar gwaninta an koma wani abu.

Yadda ake yi hanya biyu ce. Ta farko gajera: a sa molin a bokiti da ruwansa, a ɗauko siririn tiyo irin na iska ko robar ƙarin ruwa ta asibiti mai makunni, a jawo ruwan gishiri daga tanki yana ɗiga ɗigo biyu ko uku a daƙiƙa. In bokitin ya cika a rage rabi a ci gaba, har gishirin bokiti ya yi daidai da na tanki, cikin awoyi da dama. Da yawa na tsira ta wannan hanya, musamman masu tutar baya. Ta biyu doguwa ce, kuma ita nake ganin ta cancanci a kira ta sana'a. A ware ƙaramin tanki, a bar kifin ya huta kwanaki ana duba lafiyarsa, sannan kullum a ɗebe ɗan ruwa a mayar da na gishiri, ana ƙara giram biyu ko uku a lita kowace rana, har a kai 35 cikin kimanin mako biyu. Kwanakin farko masu sauƙi ne, kifin ma kan ƙara walwala, domin ruwan na matsowa kusa da jininsa ne. Daga giram 10 zuwa sama ne ruwa ke juyawa ya fara ja daga jikinsa, kuma nan ne gwani ke rage gudu ya zuba ido. In ya ga kifin ya matse fukafukansa, ko yana rangaji a wuri ɗaya ba ya gaba, ko ya ƙi abinci, ko yana haki a saman ruwa, sai ya tsaya a wannan matakin kwana biyu, in ta kama ma ya ja baya kaɗan. Doguwar hanyar na da wata fa'ida da ba a gani da ido: ƙwayoyin da ke zaune a matatar tanki suna cinye amoniya su ma canjin gishiri na taɓa su, kuma tafiyar sannu na ba su damar sauyawa.

Gishirin da ake wannan aiki da shi ba na miya ba ne. Gishirin girki ya isa wankan tarwaɗa da ƙyanƙyasar atemiya, amma shi kashi 85 cikin ɗari ne kawai na abin da ke narke a teku. Saura akwai magniziyam, akwai kalsiyam da murjani ke gina ƙashinsa da shi, akwai sinadaran da ke hana ruwan tsami. Don haka haɗaɗɗen gishirin teku ake saye a buhu, a narka shi a ruwan da aka tace sosai, a bar shi ya kwana yana juyawa. Jarka ɗaya mai lita 25 na cin aƙalla giram 875. Ba a kuma aunawa da harshe ko da cokali. Akwai ɗan ma'auni da ake ɗiga ruwa a kan gilashinsa a leƙa ta haske, kuma abin da ake nema ga murjani shi ne 1.025 zuwa 1.026. Zaɓen kifin ma na da nasa ido. Mai ƙusumbi mai tumbi da ake kira balan-balan an lanƙwasa masa ƙashin baya ne don ado, ba ya da ƙarfin iyo, ga shi tankin murjani cike yake da injinan kaɗa ruwa masu kwaikwayon igiyar teku. Siriri mai ƙarfi ake nema, mata biyu ko uku ga namiji ɗaya don kada ya gallabi guda, a kuma tanadar musu kusurwar da ruwa ke lafawa.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga kifi mai wannan baiwa. A gaɓar Afirka ta Yamma akwai karfasa mai baƙin haɓa, wadda ke zaune a tafkin Legas inda gishiri ke hawa da rani ya sauka da damina, ana kuma samun ta a mashigin Salum na Senegal cikin ruwan da gishirinsa ya ninka na teku fiye da sau biyu. Karfasar da muka sani a Daɗin Kowa ba ta kai nan ba, amma ta fi tarwaɗa jure zartsi nesa ba kusa ba. Mai rijiya mai zartsi da ya san haka ya san kifin da ya kamata ya zuba. Wannan ƙarfin hali kuma shi ne haɗarin irin waɗannan kifaye. Moli da aka kai Hawai a farkon ƙarni na 20 don cin tsutsar sauro ya zauna daram, ya kuma kafu a Filifin da gabashin Saudiyya. Karfasa mai baƙin haɓa ta addabi masu kiwon jatan lande a Tailan har gwamnati ta shiga yaƙi da ita a 2024. Wanda molinsa suka yi masa yawa ya ba abokai ko ya mayar wa mai sayarwa, kada ya juye su a kwata ko rafin da zai kai su Gongola.

Wanda zai gwada wannan a Gombe yana da abin da ya fi na wasu wurare sauƙi, yana da wanda ya fi wuya. Sauƙin shi ne moli na son ruwa mai nauyi da ɗumi, irin wanda rijiyoyi da yawa ke bayarwa, don haka kiwonsa da hayayyafarsa ba matsala. Wuyar tana wajen murjani. Shi digiri 24 zuwa 26 yake so, in ruwa ya daɗe a 30 sai ya kori tsirran da ke jikinsa ya yi fari ya mutu, alhali a Maris da Afrilu zafin garin na kusantar 40. Injin kaɗa ruwa da fitila ba sa son yankewar wuta ko ta 'yan awoyi, sai da sola da batir. Ga hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke shanye ruwan tanki a buɗe. Ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan, don haka abin da ya ƙafe da ruwan daɗi tsantsa ake cike shi. Wanda ya cike da na gishiri zai ga ma'auninsa na hawa kullum har ya wuce abin da murjani ke ɗauka. Hanya mai hankali ita ce a fara da moli kaɗai a tankin gishiri da duwatsu, a shekara ana koyon riƙe ma'auni wuri ɗaya cikin zafi da sanyi, kafin a kashe kuɗi a kan abin da ba ya yafe kuskure. Mai ƙyanƙyasar tarwaɗa da ya saba raya jarirai a daren Janairu, yana rufe tanki da leda yana auna ɗumi, ya riga ya mallaki rabin wannan horo.

Alamar cewa molin ya zauna ba ta da wuyar ganewa. Tutarsa a buɗe, launinsa na sheƙi, yana bin duwatsu yana tsinkar gansakuka, kashinsa kore. Bayan 'yan makonni macen za ta haihu, 'ya'ya goma, ashirin, wani lokaci fiye da hamsin, kuma su ba sa buƙatar tiyo ko bokiti, domin a gishirin suka buɗe ido. Sai dai sun rasa abin da ya sa aka amince da iyayensu. Tunda a ruwan teku suka taso, suna iya kasancewa ɗauke da cututtukan teku kamar kowane kifin da ke wurin, don haka in za a kai su wani tanki sai an killace su an duba. In kuma wani ya so mayar da su ruwan daɗi, hanyar a buɗe take, ana rage gishirin kaɗan-kaɗan kamar yadda aka ƙara wa iyayen, kuma saukowar ta fi hawan sauƙi a jikin kifi.